Mene Ne Rumbun Bayanai, Kuma Iri Nawa Ne?

Rumbun bayanai, wanda ake yawan ambato a labaran kwamfuta, ma'aji ne da ake tsara ilimi cikinsa domin a same shi da sauƙi. Yana da iri daban-daban. Na jadawali, wanda Edgar Codd ya aza harsashinsa a 1970, shi ya dace da rajistar ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder, inda kowane suna ke da layinsa. Na silsila kuwa dangantaka yake bi, kamar yadda malamai ke bin isnadi, har ya fayyace nasabar sarakunan Damagaram. Amma na ma'ana, mai mayar da kalmomi alƙaluma ya zaƙulo mafi kusa da muradin mai tambaya, shi zai amfani masu nazarin littattafan ajami, muddin an shigar da su kwamfuta.