Fulawar Falo 'Yar Uwar Gwaza Ce, A Yi Hattara

Mai bin titin Legas zuwa Abekuta, daga Agege har ya haye gadar Abule Egba, ba zai rasa ganin masu jera tukwanen fulawa a bakin hanya ba. Da can furanni ake nema. Yanzu ganye ake yayi, mai faɗi, mai huji-huji ko mai rodi-rodin fari, a kai shi falo a girke kusa da talabijin.

Waɗanda suka fi tashe, wato Monstera da Philodendron da Dieffenbachia, asalinsu dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma danginsu ɗaya da gwaza. Duk wanda ya taɓa cin gwazar da ba ta dahu ba ya san yadda take kartar maƙogwaro. Abin da ke sa haka wasu ƙananan tsinkaye ne na sinadarin kalsiyam okzalet, ido ba ya ganin su, kuma suna nan fal a ganye da karan waɗannan tsirrai. Dieffenbachia, mai ɗigo-ɗigon farin nan da ta fi araha, ita ta fi zafi. Yaro ya tauna ta, bakinsa zai ɗau raɗaɗi, yawu ya yi ta dalala, harshe ya kumbura, wani lokaci har magana ta gagara.

A gidajen hayarmu na Agege, inda ɗaki ke kallon ɗaki, yaran maƙwabta na shiga ko'ina, wannan ba abin wasa ba ne. A ɗora tukunyar inda mai rarrafe ba zai kai ba. In tsautsayi ya faɗa, a cire ragowar ganyen, a kurkure masa baki, a ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan. Don Allah, iyaye mata, a bar ɗura manja don ya yi amai; yana iya shaƙewa ya gangara huhu. Da an ga numfashi na sarƙewa ko ya kasa haɗiya, sai asibiti, a tafi da ganyen likita ya gani. In ruwan tsiron ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na minti 15.

Sai batun kuɗi. Farashin masu rodi-rodi ya yi tashin gwauron zabi lokacin kullen korona a 2020, har a 2021 aka sayar da wani tsiro guda a ƙasar Niyu Zilan kan sama da dalar ƙasar 27,000. Inda kuɗi ya taru kuwa, macuta ba sa nisa. Tsiron da ake kira Pink Congo sinadari ake sa masa ganyensa ya yi ruwan hoda, bayan 'yan watanni ya koma kore shar. Masu tallar ƙwayar irin Monstera mai fari a Facebook su ma a guje su, domin wannan farin ba a gadonsa ta iri, sai ta yanka. Yankan ma sai da gaɓa. Ganye zalla ba ya zama tsiro.

Kula da waɗannan tsirrai a Legas ba wuya, tunda laimar da suke so tana nan. 'Yan inuwa ne, ranar tsaka na ƙona su, don haka kusa da taga ya wadatar. Yawan ban ruwa ne ke kashe mafi yawansu: saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shi ya zaci ƙishi ne ya ƙara kwarara masa. A tura yatsa cikin ƙasar tukuna, in da danshi a ƙyale shi. Tukunya ta kasance da huji a gindi, a cakuɗa baƙar ƙasa da yashi da gawayi da ɓawon kwakwa. Da hunturu, a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya kuma kada a bar ruwa ya kwana a ciki. Sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi irin wannan ɗan ruwan yake so, kuma kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi daga ƙwai ya tashi.