Sulinoid ɗin Kulocin Kombata: Bin Sawun Matsalar Wuta a Giyar Otomatik

Motar da ke canja giya da kanta ba ta da fedar kuloci, amma tana da abin da ke yi mata aikinsa. Tsakanin inji da giya akwai wani dunƙulallen ƙarfe cike da mai, wanda makanikai ke kira kombata. A cikinsa fanka biyu ne ke fuskantar juna: inji na juya ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, ta biyun ta juya giya. Mai ne kaɗai ya haɗa su. Shi ya sa direba ke iya tsayawa cak a danja, giya na kan D, inji bai mutu ba.

Sai dai fanka ta biyu ba ta taɓa kamo ta farko a gudu, kuma ƙarfin da ke zurarewa a tsakaninsu zafi yake zama, man fetur kuma ya tafi a banza. Don haka aka sa wani faifan kuloci a cikin kombatar, wanda ke manne ɓangarorin biyu su juya tare idan mota ta hau doguwar hanya. Kamfanin Packard na Amurka ya yi wannan tun 1949, Chrysler kuma ya dawo da shi a 1978, bayan tsadar mai ta sa kowa ya fara lissafin lita. A motocin yanzu kwamfutar mota ce, wato birenbos, ke yanke lokacin da kulocin zai kama. Ba ta iya tura mai da kanta, sai ta aika wuta ga sulinoid: siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe, wadda ke zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa ta, ta ja wani ɗan ƙarfe ya buɗe wa mai hanya. A yawancin motoci yana cikin giya, jiƙe da mai, an ɗaure shi a jikin farantin da ke rarraba man.

Idan kulocin ya ƙi kamawa, mota na tafiya, amma a kan babban titi allurar juyin inji na zama sama da inda ta saba, shan mai ya ƙaru, man giya ya yi ta ƙuna. Idan kuma ya kama ya ƙi saki, sai mota ta yi fizga ta mutu duk lokacin da aka zo tsayawa. Akwai ta uku, karkarwar da ake ji a kujera wajen gudun kilomita 60 zuwa 80 a awa. Ita wannan ta fi ruɗi, domin fulogin da ya gaji ko kwayil mai rauni na kawo irinta sak, tunda da zarar kulocin ya kama babu sauran man da zai shanye tangal-tangal ɗin inji.

Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin bincike iri ɗaya, OBD-II, kuma da yawa daga cikin Camry da Corolla da Accord ɗin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano suna ɗauke da shi. Ana sa wa mota kwamfuta, lamba ta fito. A nan ne ake yawan tafka asara, domin lambar ba ta ce sulinoid ya mutu ba. Layin da matsala take kawai ta nuna. P0740 da P0743 na nufin birenbos ta ga wutar layin ba daidai ba, P0744 kuma matsalar na zuwa tana tafiya. P0741 da P0742 labarinsu daban: an ba da umarni, wuta ta tafi, amma kulocin bai kama ba ko bai saki ba, abin da ya fi karkata ga dattin mai, bawul da ya maƙale ko faifan da ya cinye. Tsofaffin Toyota suna da nasu sunan wannan sulinoid, SL, da lambobi P0770 da P0773, ta biyun ita ce ta wuta. Wanda ya ga lamba ya ce, “Alhaji, giyar ce, sai an sauke,” alhali bai ɗora mita a kan waya ko ɗaya ba, ya yi gaggawa, kuma aljihun mai mota ne zai biya.

Daga waje ake farawa. Batir mai lafiya na nuna wajen bolt 12.6 idan inji na kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. A duba fis. Sannan a zare babban soket ɗin da ke jikin giya a haska shi da tocila. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa: haƙori ɗaya ya yi kore da tsatsa saboda ruwan damina ko na wankin inji, ko ya lanƙwashe, ko jan man giya ya biyo waya ya cika soket ɗin, ko kuma damin wayoyin ya jingina da salansa rigarsa ta narke.

Idan soket ya fita lafiya, sai awon turjiya, inji a kashe. A Toyota, sulinoid mai kunnawa da kashewa na ba da om 11 zuwa 15 a zafin digiri 20, shi kuwa mai buɗewa sannu a hankali, irin su SLU, tsakanin 5.0 da 5.6 yake. Kowace giya da nata adadi, littafin motar ne alƙali. Mita ta nuna babu hanya sam, naɗin ya tsinke ko wayar cikin giya ta cire. Ta nuna kusan sifili, wayoyin sun haɗe. Amma kafin a yanke hukunci a san tsarin motar. A tsofaffin Toyota wuta na shiga ta waya ɗaya ta koma ta jikin giya, don haka samun hanya tsakanin haƙorin da jikin ƙarfe daidai ne. A giyar 4L60E ta General Motors kuwa, wuta na zuwa daga fis, birenbos ce ke buɗe mata hanyar komawa, kuma irin wannan awon a can shaidar lalacewa ce. Awo ɗaya, ma'ana biyu.

Sai a mayar da soket a maimaita awon daga bakin birenbos. Idan a jikin giya an sami 13, a can kuma 40 ko babu komai, sulinoid ya fita daga zargi, laifin na kan hanya.

A nan ya kamata mai riwaya ya yi haƙuri, domin mita na iya faɗin gaskiya ta kuma ɓatar da mutum. Wutar da take aikawa don awo 'yar ƙanƙanuwa ce. Wayar da ta tsinke saura sili ɗaya za ta nuna hanya a buɗe, amma sulinoid mai om 13 na jan kusan amfiya ɗaya, kuma silin ba zai iya kai ta ba. Maganin shi ne a auna layin yana ɗauke da kaya: a sa kwamfutar bincike ta kunna sulinoid, a duba bolt nawa ya iso bakinsa, ko a ɗora ƙwan fitila a ƙarshen wayar da aka cire daga birenbos, a ba ta wuta, a ga ko zai haska sosai, ana girgiza damin wayoyin da hannu taki-taki. Inda haske ya ƙifta, nan ciwon yake. Zafi ma na da nasa. Turjiyar tagulla na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, don haka 13 na safe ya zama 17 bayan tafiya ba laifi ba ne. Abin nema shi ne naɗin da ke haɗe da sanyi ya rabu da zafi. Motar da ba ta kawo matsala sai ta yi nisa a hanyar Kano zuwa Zariya, a auna ta da zafinta.

Al'adar ɗana wa sulinoid batir kai tsaye a ji ya yi ƙas tana da amfani ga mai kunnawa da kashewa, kodayake ƙarar ba ta tabbatar da cewa yana riƙe mai. Ga mai om 5 kuwa haɗari ne, domin zai ja fiye da amfiya biyu ya ƙone. Littattafan Toyota na cewa a sa ƙwan fitila mai wat 21 a tsakani. Kuma sulinoid ɗin da ya haɗe kan ƙona ɗan makunnin da ke cikin birenbos. Wanda ya sayo wata birenbos a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya ɗaura bai gyara layin ba, ita ma za ta bi sahun ta farko.

Wani lokaci sulinoid da wayarsa lafiya lau, birenbos ce ta ƙi ba da umarni, kuma tana da hujja. Makunnin fitilar birki da ya maƙale na gaya mata ƙafa na kan birki, ita kuma ba ta kama kuloci a haka. Tana kuma jiran inji ya kai zafin aikinsa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, tunda an saba cire tamostat a jefar da sunan ƙasarmu da zafi; da sanyin hunturu a buɗaɗɗiyar hanya, irin wannan injin na iya daɗewa bai kai zafin da ake so ba, kombata na ta zurarewa.

Bayan gyara, goge lamba bai isa ba. A hau titi da kwamfutar bincike a haɗe, wani na tuƙi wani na kallo. Idan umarnin kamawa ya fito, bambancin juyin inji da na sandar shiga giya ya kamata ya faɗo kusa da sifili, allura ta ɗan sauka. A riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu: allura ta ɗaga, a saki ta koma. Idan umarni na fita, wuta na isa, amma bambancin ya ƙi sauka, to aikin mai riwaya ya ƙare, sai a kwance farantin ƙasan giya a duba launin mai da abin da ya taru a kan maganaɗisunsa.