Yadda ake auna cikin siffofin juyi

Idan aka juya layi, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, kewaye da wata sanda, yakan fitar da siffa irin ta ƙwallo, mazurari ko ganga. To, nawa cikinta zai ci?

A fannin lissafin da ake kira kalkulas, ana yanka siffar zuwa siraran faya-fayai. Girman kowane faifai shi ne π, wato kusan 3.14, sau rabin faɗinsa, sau rabin faɗinsa kuma, sau kaurinsa. Tara su duka, kaurinsu na ta ƙanƙancewa, shi ake kira intagireshan.

Masanin taurarin Jamus, Johannes Kepler, ya wallafa irin wannan awon gangunan giya a 1615. Yau ɗaliban kimiyya na koyonsa, injiniyoyi kuma da shi suke sanin lita nawa tankin ruwa ko na mai zai ɗauka tun kafin a ƙera shi.