Yadda tsauni da sanyi ke wahalar da motocin dizal masu ɗakin kwana

A Amurka, iyalai da dama kan yi doguwar tafiya cikin manyan motoci masu ɗakin kwana da kicin, waɗanda mafi girmansu da man dizal suke aiki. Jarrabawarsu tana tsaunukan jihar Kolorado, inda babbar hanyar I-70 ke ratsa cikin dutse a tsayin kimanin mita 3,400.

A can iska ba ta da kauri. Injin da ba shi da na'urar turbo kan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300. Turbo na rage asarar, amma ba ya kawar da ita.

Sanyi ne ya fi haɗari. Dizal na ɗauke da wani kitse irin na kyandir, wanda kan fara daskarewa tun kusa da digiri sifili, har ya toshe matacin mai. Direban da ya cika tanki a yanki mai ɗumi, ya kwana bisa tsauni, yana iya wayar gari injin ya ƙi tashi. Idan na'urar ɗumama ɗaki a tankin take sha, ita ma ta mutu. Shi ya sa gogaggun direbobi ke shan man hunturu na yankin kafin su fara hawa.