Danjar da ke Shawara da Maƙwabciyarta

A shekarar 2012 wasu masana na Jami'ar Carnegie Mellon, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Stephen Smith, suka gwada wani tsari mai suna Surtrac a wurare 9 da tituna suka haɗu a unguwar East Liberty da ke birnin Pittsburgh a Amurka. Ba su faɗaɗa titi ba, ba su gina gada ba. Danja kawai suka sanya wa ƙwaƙwalwa. Sai ga lokacin tafiya ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, zaman jiran hannu kuma da kusan kashi 40.

Kafin nan, tsare-tsare irin su SCOOT na Birtaniya, wanda ake amfani da shi tun farkon shekarun 1980, kan tattara bayanan tituna zuwa babbar kwamfuta, ita ke raba wa fitilu lokaci. Surtrac bai naɗa shugaba ba. Kowace mahaɗa tana da ƙaramar kwamfutarta da kyamara ko na'urar rada. Ita ke ƙirga motocin da ke tunkaro ta, ta tsara wa za a saki, wa zai dakata, kuma tana sabunta lissafin ba ƙaƙƙautawa. Wannan shi ake kira tsarin wakilai da yawa, inda kwamfutar kowace mahaɗa take matsayin wakili.

Gishirin abin yana wajen saƙon da suke aika wa juna. Mahaɗar da ta saki ayarin motoci takan sanar da ta gaba yawansu da lokacin isowarsu, ita kuwa ta shirya musu kore tun ba su ƙaraso ba. Kamar dai masu ba da hannu su biyu da ke hangen juna, wannan ya ɗaga hannu, wancan ya gane nufinsa. In babu wannan saƙo, kowace danja kanta za ta sani: ta share gabanta, ta jibga wa maƙwabciyarta cunkoso.

Sai dai akwai gyara. Da farko hankalin tsarin na kan motoci, har sai da masu tafiya a ƙasa suka koka aka waiwaye su. Sannan wakili ba ya aiki sai da ido, ido kuma sai da lantarki da mai goge masa ƙura. Duk hukumar da ta yi sha'awar irin wannan danja, ta ware kuɗin kula da ita tun kafin ta biya kuɗin saye.