Kada Ruwan Fari Ya Tafi Da Ƙasar Da Ka Saya

Da rani ya yi nisa, sai ka ga manyan motoci da jakuna suna ta kai baƙar ƙasar fadama da takin bola gonaki da filayen gidaje a Samaru da Sabon Gari. Attajiri ya saya don lambun mangwaro, akawu ya saya don gadon tumatir a bayan gida, manomi kuwa ya zuba wa jigawarsa da ta gaji. Wannan duk daidai ne. Amma in wurin gangare ne, ƙarƙashinsa kuma rairayi, ruwa biyu ko uku sun isa su raba mutum da kuɗinsa. Ƙasar ta bi kwari ta faɗa Kubanni, Kubanni kuwa ta miƙa wa Galma.

Ga yadda abin ke faruwa. Sabuwar ƙasa a sake take, ba saiwar da ta riƙe ta, tana kwance bisa rairayi kamar tabarma. Ruwan fari na watan Mayu kuwa da ƙarfi yake zuwa, ya iske ƙasa tsirara. Manyan ɗigo suna farfasa ta, garinta ya toshe ƙofofin da ruwa ke shiga, sama ya yi ɓawo, sai ruwa ya kama gudu. Wanda ya shiga ma ba ya saurin wucewa cikin rairayi sai ta sama ta ƙoshi, ta yi nauyi, ta zame.

Ma'aikatan gonar gwaji ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun daɗe da sanin wannan ɓawo. Ruwan da ke sauka a nan wajen inci 40 ne a shekara, watau milimita 1,000 da 'yan kai. Ruwan ya isa, tsayar da shi a gona shi ne aiki. Wani ma'aikacinsu, D. A. Lawes, ya gwada ɗaurarriyar kunya a gonakin auduga da dawa da gyaɗa, ya fara bayyana abin da ya gani a 1961. Kunya ce da ake datse kwarinta da 'yar ƙasa nan da can, ruwa ya tsaya inda ya sauka har ya nutse.

To, kafin ka zuba ƙasa, fara kaftun wurin da garma. Zuba rabi, ka gauraya da rairayin wajen zurfin inci 4, sa'an nan ka ƙara sauran. Masu gaggawa nan suke tsallakewa, nan kuwa asarar take. Ja kunyoyinka a gicciye, kada su bi gangare, ka datse kwarin kowane yadi 2 ko 3. Datsiyar kada ta kai tsayin kunya, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta gefe, kada ya fasa kunyar ya gangara. Amma fa a lura: in Agusta ta zo da marka, gyaɗa da auduga ba su son kwana cikin ruwa. Sai a buɗe waɗansu datsiyoyin.

Rufe ƙasar da karan dawa ko busasshiyar ciyawa, ka kafa turaku su tare su. Gara za ta ci rabonta, amma kafin ta gama shuka ta rufe ƙasa. In gangaren ya yi tsanani, dasa jema ko gamba layi-layi a gicciye, kusa da kusa, ko ka jera duwatsu.

Mutanen Sabon Gari kuwa suna da ƙarin aiki guda, watau ruwan kwanon rufi da na hanya, wanda ke zubowa wuri ɗaya da ƙarfi. A haƙa masa lambatu daga saman filin, a kai shi inda ciyawa ta kama, tun motar ƙasa ba ta iso ba.