"Anti, sunan Baba nake so a zana min": Abin da ya kamata uwa ta sani game da tatu

Ranar wata Asabar da yamma na dawo daga asibiti, ko fararen kayan aiki ban cire ba, sai ga 'yar yayata ta yi sallama. Shekararta 19, tana aji biyu a jami'a. Ta zauna a bakin gado tana ta juya waya a hannu, na san da magana a bakinta. Can sai ta miƙo min wayar. Hoton wuyan hannun wata budurwa ne, an rubuta suna da baƙar tawada, siriri, da ɗan fure a gefe.

Ta ce, "Anti, irin wannan nake so. Sunan Baba. Don Allah kar ki gaya wa Mama."

Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinta. Gabana ya faɗi, kuma faɗa ne ya fara zuwa bakina. Abin da ya sa na haɗiye shi, wata yarinya ce da aka taɓa kawo mana da idon sawu a kumbure yana fitar da mugunya. An yi mata tatu a ɗakin wata ƙawa, wurin ya ruɓe, ta ɓoye shi cikin safa fiye da mako ɗaya don tsoron uwarta. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita aka gane. Tun daga ranar na fahimci cewa faɗa ba ya hana yarinya abin da ta sa a rai, ɓoyewa kawai yake koya mata.

Don haka na ce mata, "Zauna mu yi magana." Abin da na gaya mata shi zan gaya muku, domin yaranmu suna ganin wannan zane a jikin mawaƙa da 'yan ƙwallo duk lokacin da suka buɗe Instagram ko TikTok, kuma wata rana tambayar za ta iya shigowa gidan kowacce daga cikinmu.

Me ya raba shi da lalle?

Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama kullum cikin saɓa take, tana sabunta kanta cikin kamar mako huɗu. Lalle a nan yake tsayawa, shi ya sa ƙunshin Sallah yake dushewa cikin mako biyu zuwa uku.

Tatu kuwa yana ratsa wannan hawa. Na'urar mai zanen tana soka allura daga sau 50 har zuwa sau 3,000 a minti ɗaya, tana ajiye tawada a fatar ciki, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda jini da jijiyoyi suke. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, sai ya turo ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta. Sun haɗiye, amma ba za su iya narkar da ita ba, sai su zauna da ita a wurin. Wannan ne dalilin da ya sa sabulu da man bilicin ba sa fitar da shi.

A idon ma'aikaciyar jinya, sabon tatu buɗaɗɗen rauni ne, kuma samansa kaɗai yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya warke. Iyaye mata, wannan ya shafe mu mu ma: zanen gira da na leɓe da ake cewa yana shekara bai goge ba, allura ce da tawada, ɗan'uwan tatu ne.

Kakanninmu sun san zancen

Zane a jiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da bille, kalangu, 'yar baka, ga tsagar Gobirawa da ake ganewa tun daga nesa. Wanzami ke yi da aska, wani lokaci a goga baƙin tukunya don ya fito. Na tuna wa 'yar yayata kalangun da ke fuskar kakarta, wanda aka yi mata tana yarinya lokacin da ake yayinsa. Yayi ya wuce, zanen yana nan har yau da ta haura saba'in.

Doka ma ta shigo ciki. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro tatu ko tsaga, kuma yaro a wurin wannan doka shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Mai zanen da ya karɓi 'yar sakandare bai tambayi shekarunta ba, ya nuna irin kulawar da yake yi da sauran ƙa'idoji.

Haɗari huɗu da nake gani a wurin aiki

Na farko, cututtukan da ke bin jini: ciwon hanta nau'in B da C, da cuta mai karya garkuwar jiki. Babban binciken da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma da yawansu ba su sani ba. Ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa kwana bakwai ko fiye a busasshen jini. Goge allura da sifirit ko tsoma ta a ruwan zafi ba ya wadatarwa. Allurar da aka yi wa wani, ko kwalbar tawadar da aka tsoma wa wani, ta isa ta ɗauko cutar. Sai a 2004 aka sa rigakafin ciwon hanta cikin alluran jarirai a Najeriya, don haka ki duba katin 'yarki. In babu, a yi gwaji a yi mata, allura uku ce cikin wata shida.

Na biyu, ruɓewar rauni. Zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, kumburin da ke yaɗuwa, mugunya, wari ko zazzaɓi, duk alamun a tafi asibiti ne a ranar. Kada a shafa man goge baki ko toka.

Na uku, tabo mai tudu wanda likitoci ke kira kiloyid. Ya fi kama baƙar fata, kuma ya fi fitowa a ƙirji, kafaɗa, saman baya da kunne. Duk wadda hujin kunnenta ya taɓa yin tsiro, ko akwai masu irin wannan tabo a danginta, ta yi nesa da allurar zane. Kiloyid yana girma ya wuce raunin da ya haife shi, in an yanke shi kuma sau da yawa yakan dawo.

Na huɗu, jiki ya ƙi tawadar. Jar tawada ce ta fi jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, wani lokaci bayan shekaru. A Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a cikin tawadar tatu. Kwalbar da aka saya ta intanet babu suna babu ranar lalacewa, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Mai ciki, mai ciwon sukari da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini da mai cutar fata, su kam maganar ma ba ta taso ba.

Zanen da ake so yau, za a so shi gobe?

Na tambaye ta, "Hoton da ke fuskar wayarki bara, shi ne yanzu?" Ta yi dariya ta ce ta canja ya fi sau goma. Na ce to wannan wanda ba a canjawa ne.

Jiki yana sauyawa. Zanen ciki, ƙugu ko ƙirji yana miƙewa da juna biyu, ya karkace. Siririn rubutu irin wanda take so yana bajewa da shekaru, ƙananan haruffa su haɗe su zama dunƙulen baƙi. Na yatsa da tafin hannu yana saurin dushewa saboda wanki da gogayya. Launuka masu haske, irin su rawaya, ba sa fitowa a fatarmu yadda suke a hotunan da ake gani a waya. Sunan saurayi kuwa, kowa ya san ƙarshen wannan labari.

Akwai kuma maganar aiki. Sanarwar ɗaukar soja a Najeriya takan sa sharaɗin cewa mai nema ba shi da tatu a jiki. A Ingila, wanda ya yi tatu sai ya jira wata huɗu kafin a karɓi gudummawar jininsa.

In an ce ai ana gogewa, gaskiya ne ana yi da na'urar leza, amma a san farashinsa. Yakan ɗauki zama shida zuwa goma ko fiye, da tazarar mako shida zuwa takwas tsakanin kowane zama. Akwai zafi, kuɗinsa ya ninka na zanen sau da yawa, kuma a baƙar fata yana iya barin farin tabo mai siffar zanen da aka goge. Da na sani ƙeya ce.

Abin da addini ya ce

Ban ɓoye mata wannan ba, don yarinya ce mai sallah. Malaman Musulunci sun tafi a kan haramcin zanen dindindin, bisa hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim, yayin da lalle ado ne halastacce ga mata. Sannan sunan mahaifinta yana cikin sunayen da ke farawa da Abdul. Na ce, "Kin yi tunanin shiga banɗaki da sunan Allah a hannunki kullum?" Ta yi shiru. Ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba.

Tarkon baƙin lalle

Uwa za ta iya cewa, shi ke nan, a yi mata da baƙin lalle mai kama da tatu. A nan ma sai an kula. Ganyen lalle na asali ja yake bayarwa, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, kuma yana son awanni kafin ya kama. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin rabin awa, yawanci dayis ne mai sinadarin PPD, irin na rinin gashi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a ɗora shi a kan fata ba.

Illarsa ba lallai ta fito a ranar ba. Bayan kwana huɗu zuwa mako biyu sai wurin ya fara ƙaiƙayi, ya yi bororo daidai inda fulawar ta bi. Na ga amaren da suka tare da hannu a naɗe da bandeji. Wadda jikinta ya ƙi PPD sau ɗaya, ƙin yakan zauna mata har tsawon rai, ko rinin gashi ta shafa zai tashi. Ki tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba a kwaɓinta. Jarirai kuwa a bar su babu lalle, ko da ja ne, domin yana iya farfasa ƙwayoyin jinin jaririn da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar da ta yawaita a yankinmu, ya jawo shawara mai tsanani.

In babba ce kuma ta kafe

Ba na ba kowa shawarar yin tatu. Amma 'yar da ta haura 18 kuma tana makaranta a wani gari, ba a hannunki take dare da rana ba, gara ta san waɗannan. Kada a yi a ɗakin kwanan ɗalibai, a shagon aski ko a wurin biki. A buɗe sabuwar allura daga ledarta a gabanta. A zuba tawada a ƙaramin kofin da za a zubar bayan an gama. Mai zanen ya wanke hannu ya sa sabon safar hannu. Kayan ƙarfen da ake maimaitawa a dafa su a na'urar tururi irin ta asibiti, wadda ke kai zafin digiri 121. Mafi muhimmanci, ta san cewa in wurin ya lalace za ta iya kiranki a daren, ba tare da tsoro ba.

Yadda muka ƙare

Na nemi alfarma biyu a wurinta. Ta farko, ta ba ni wata uku. A cikinsu za a riƙa zana mata furen da jan lalle a daidai wurin da take so, duk lokacin da ya goge a sake. Ta biyu, mu gaya wa mahaifiyarta tare, ni zan fara magana.

Yaya ta yi kuka, ita ma ta yi. A nan ne yarinyar ta faɗi abin da ke cin ta: ta fara manta muryar babanta, kuma a gidan kowa ya daina ambaton sunansa don kada a tayar wa juna da hankali. Daren nan Yaya ta ciro tsohuwar wayarsa daga akwati, suka saurari saƙonnin muryarsa har sha biyun dare.

Kafin wata ukun su cika ta canja furen sau biyu, ta kuma mayar da shi daga hannun dama zuwa hagu. Ita da kanta ta lura da hakan. Yanzu akwai zoben azurfa a yatsarta, maƙeri ya sassaƙa ranar haihuwar mahaifinta a cikinsa. Ba ta ce min ta fasa har abada ba, ni ma ban matsa mata ta faɗa ba. Abin da na sani shi ne duk ranar da tunanin ya dawo, akwai mutum biyu da za ta fara kira.

In taki 'yar ta zo miki da irin wannan hoto, kafin ki ɗaga murya ki tambaye ta me zanen yake nufi a wurinta. Wadda ta taɓa fuskantar haka a gidanta, ta ba mu labarin yadda ta ɓullo wa lamarin, wata uwar za ta amfana.